Malam Ya Ce Bakwai, Na Ce Tara, Kin Ce Takwas

Da sunan Allah Mai rahama, wanda Ya ɗora rana da wata da kowane tauraro a kan hanyarsa, babu mai karo da wani.

Zuwa gare ki Uwata,

Bayan gaisuwa mai yawa da sa albarka, ina roƙon Allah Ya tsare ki a tafiyar da ke gabanki, Ya kai ki lafiya, Ya dawo mana da ke lafiya. Na san za ki yi dariya ki ce Baba da abin mamaki yake, wasiƙa tsakanin ɗakunan da tsakar gida kawai ta raba. To ki yi dariyarki. Ni mai fenti ne, shekara arba'in da ɗoriya hannuna ne ke magana a bangon mutane, bakina kuwa in ya zo kan abin da ya dame ni sai ya yi nauyi. Ba zan ce ki riƙe salla ki kama kanki ba. Mahaifiyarki ta faɗa miki sau ɗari tun da takardar ɗaukarki karatun taurari ta iso, kuma ko ba ta faɗa ba na san 'yar da na haifa.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Shekaranjiya ina zaure ina wanke burushi da kalanzir, na ji kina cewa mahaifiyarki ta roƙar miki ni gafakar Malam, kina so ki tafi da ita. Taku goma ne tsakanina da ke, amma sai da kika bi ta bakin wata. Ban ga laifinki ba. Tun kina aji biyar na firamare rabonki da ki yi mini magana a kan sama, kuma ni na jawo. Kina gaishe ni, kina wanke mini kaya, kina yi mini duk abin da 'ya take yi wa uba, amma abin da ya fi komai daɗi a ranki kin rufe mini ƙofarsa. Ranar Juma'a za ki bar Zariya. Ba na so ki tafi a haka, don na san ƙarshen irin wannan shirun. Ni da mahaifina mun yi shi, har aka kai shi makwancinsa ba mu koma kan zancen ba.

Ba ki riski kakanki Malam ba, bari in gaya miki ko wane ne shi. A nan zauren namu na Kwarbai yake karantarwa, amma abin da aka fi saninsa da shi lissafin taurari ne. Da bazara ta yi nisa za ki ga manoma daga ƙauyukan bayan Ƙofar Gayan sun jingine kekuna a ƙofar gida, suna tambaya, "Malam, wane tauraro muke ciki? A yi shuka ko a dakata?" Sai ya buɗe gafakarsa ya duba kundi, ya ce wannan ruwan na yaudara ne, ku jira kwana kaza. A karatunsa masu tafiya a sama bakwai ne: Rana, Wata, Uɗaridu, Zahra, Mirrihu, Mushtari da Zuhalu. Tun ina ƙarami na haddace su kamar sunayen ƙannena.

Ni kuwa karatun allo bai zauna mini ba, na boko ma ban yi nisa ba, sai aka kai ni Wusasa wajen wani dattijo mai rubuta allunan shaguna. Darasinsa na farko shi ne alli kafin fenti. Duk abin da za ka zana, ka fara fitar da shi da alli, ka ja da baya ka duba, ka kira wani ya duba. Alli tsumma mai ruwa ke goge shi, fentin mai kuwa sai an kankare bango. Ni da nake ganin hannuna ya fi na maigidan, na ɗauka wannan dokar ta masu rawar hannu ce. A shagonsa na tsinci wani tsohon littafin makaranta mai hoton rana a tsakiya da duniyoyi tara suna kewaya ta. Na kalli hoton nan na ji kamar an ba ni wani sirri da duk birnin Zariya ba wanda ya sani sai ni.

Shekarar da aka yi wa zaure yaɓen siminti, Malam ya ce in shafe shi da fari. Na shafe, sannan ba wanda ya aike ni na zana hoton nan a bangon da ke fuskantar buzunsa, da fentin mai, ja da shuɗi da rawaya. Washegari da hantsi manoma suka zo. Wani tsoho a cikinsu ya ɗaga kai ya ce, "Allah gafarta Malam, waɗannan ƙwallayen fa?" Kafin Malam ya buɗe baki na karɓe. Na ce duniyoyi ne, tara ne ba bakwai ba, rana da wata ba sa ciki, ƙasar da muke kai ma ɗaya ce daga cikinsu, akwai kuma uku da Malam bai taɓa jin sunansu ba. Na faɗa da murya irin ta wanda ya kama ɓarawo.

Malam ya gyara zama ya ce, "Sani, ni na san abin da nake ƙirgawa. Duk abin da na ɗaga kai na ga yana sauya wuri a cikin taurarin da ba sa sauyawa, shi nake ƙirgawa, na samu bakwai. Ƙasa kuwa a kanta nake zaune, ban taɓa ganinta a sama ba. Kai me kake ƙirgawa da ka samu tara?"

Na ce, "Haka yake a littafi."

Ya ce, "To littafin me yake ƙirgawa?"

Maimakon in ce ban sani ba, sai na yi dariya na ce zamani ya wuce wannan lissafin. Malam bai ce in goge ba. Buzunsa kawai ya ja zuwa ɗaya ɓangaren, ya koma karɓar baƙinsa yana ba wa zanena baya.

Uwata, inda za ki je za ki tarar da mutane masu ƙirga abubuwa ba yadda kika saba ba, in kin dawo kuma za ki tarar da mu muna ƙirgawa ba yadda kika koyo ba. Kafin ki ce wa mutum lissafinsa ba daidai ba ne, tambaye shi me yake ƙirgawa. In an juyo miki da tambayar ba ki da amsa, ki ce ban sani ba. Kalma uku ce, ba ta taɓa kashe kowa ba, ni kuma rashin faɗinta ya raba ni da karatun ubana.

Kuskurena na biyu ya fi ban dariya, ya kuma fi ciwo. Lokacin sunana ya fara fita, makarantun firamare na cikin birni suna kirana in zana musu taswira da sassan jiki da duniyoyi a bango. Wani hedimasta ya ce yana son sunayen da Hausa, yara su gane. Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Na san Zahra, wato Zara matar wata, wadda ake gani da almuru. Na san Gamzaki mai fitowa da asuba. Na rubuta Zara a ƙarƙashin duniya ta biyu, na duba na ga ta farko ce ta fi kusa da rana, na ce lalle ita ce mai rakiyar fitowarta, na danna mata Gamzaki. Malam na gida, kwano ɗaya muke ci da shi, amma tambayarsa a wurina daidai take da sallamawa.

Ranar Juma'a ya biyo ta gaban makarantar daga masallaci. Da la'asar ina ɗaure tsani a keke ya ce, "Sani, ka raba mutum ɗaya gida biyu. Zara ita ce Gamzaki. Wani lokaci ta biyo bayan rana da almuru, wani lokaci ta riga ta fitowa da asuba. Shekara arba'in ina kallonta, ban taɓa ganin su biyun a yini guda ba." Sai ya sassauta murya ya ce, "In kana so ka zo in nuna maka a kundi." Wallahi na ji abin da ke cikin muryar nan, hannu yake miƙo mini. Na ce sai na samu sarari. Kwana biyu na yi ina kankare sunan a bango, amma sararin zama gabansa ban samu ba, har ya rasu a daminar da ta biyo baya. Aka miƙo mini gafakar, na buɗe na ga jadawali da jan tawada da baƙi, ina iya karanta haruffan amma ban san abin da suke nufi ba. Kunya ta sa na kulle ta a adaka. Za ki ga gara ta ci gefen wasu takardun, wannan ma laifina ne.

Don haka in wani babba ya ce miki zo in nuna miki, ki ajiye abin da ke hannunki ki je a ranar. Matambayi ba ya ɓata, ba kuma kullum ake samun wanda za a tambaya ba.

Yanzu na zo kan naki. Da kin ɗauka wanda ya sha wannan zai yi hankali, amma hali zanen dutse. Kina aji biyar aka kira ni in sabunta bangon makarantarku. Ina kan tsani lokacin hutun tara, hedimasta da malamai biyu suna tsaye suna yaba aiki, yara sun kewaye mu, sai ga ki da kwanon abincina da mahaifiyarki ta ba ki. Ina cikin zagaye ta tara kika ce, "Baba, an ce yanzu takwas ne. A rediyo na ji, masana sun yi taro sun fitar da Fuluto. Kuma wai ba ta kai haka girma ba, ko wata ya fi ta."

Da fara'a kika faɗa, kina jiran in ce madalla. Ni kuwa abin da na gani shi ne bangayen da na zana daga Kwarbai har Gyallesu, duk an ce ƙarya ce, kuma a bakin 'yata, a gaban wanda ya ba ni aiki. Na leƙo daga kan tsani na ce, "Uwata, ke da aka raɗa wa suna jiya-jiya za ki koya mini ƙirga? Tun ba a haife ki ba nake zana tara. Su da suka kore ta, su suka halicce ta? Ajiye kwanon ki koma aji." Aka fashe da dariya, har da hedimasta. Kika ajiye kwanon a gindin tsani, kika gyara hijabinki, kika tafi ba ki waiwayo ba. Ni kuma na tsoma burushi na ƙara wa Fuluto faɗi da gangan.

Na san yaran makarantar sun laƙaba miki Takwas, sun bi ki da shi har kika gama firamare. Kin ɗauka ban sani ba. Na sani, na ji da kunnena a bakin famfo, na wuce kamar ban ji ba. A duk abin da na yi a rayuwata wannan ne nake tunawa in ji abinci ya fita raina. Ki yafe mini, Uwata. Ke ce da gaskiya, ni ne na yi kuskure, kuma ga shi na rubuta da hannuna.

Batun girman ma gaskiyarki ne. Kin san me ya sa nake zana ta da girma? Hedimastoci suna son yaron da ke can bakin ƙofa ya hango kowace ƙwallo, kuma bango ba ya kyau in gefe ɗaya ya cika ɗayan ya zama ɗigo. Sai na riƙa yin ta daidai da duniyarmu, da ragowar shuɗin fentin tagogi. Da farko na san ƙari nake yi. Da shekaru suka tura na manta, har na yarda da zanen hannuna. Ranar da kika ce wata ya fi ta, da gaske na ɗauka shirme kike yi, don na sha ganinta da girma, na manta ni na girmama ta. Ke ma za ki yi zane-zanenki da lissafinki a kwamfuta, za ki daidaita wani abu don ya shiga takarda. Ki riƙa rubuta wa kanki a gefe inda kika yi ƙari, kada wata rana ki kafa hujja da shi.

Akwai abin da ba ki sani ba. Shekarun da kike jami'a, in kin tafi kin bar littattafai a ɗaki, nakan ɗauko ɗaya bayan azahar, in sa tabarau, in ajiye ƙamus a gefe. Turancina na allon shago ne, bazara guda na yi kafin babi ɗaya ya shiga kaina. Mahaifiyarki ta kama ni sau biyu, na ce ƙura nake kaɗewa. Ta ce ba ta taɓa ganin mai kaɗe ƙura da tabarau ba.

Ga abin da na fahimta, ki duba ko na yi daidai. Masana sun daɗe suna cewa tara, su ma ba su tsaya sun faɗi me suke ƙirgawa ba. Sai aka riƙa gano wasu a can bayan Naftun, duniya ta takwas, a unguwar da Fuluto take, har aka gano Eris wadda ta kusa kai ta faɗi ta kuma fi ta nauyi. To ko dai a ce goma, gobe sha ɗaya, jibi ashirin, ko a zauna a yi ƙa'ida. Suka taru suka ce kafin a kira abu duniya sai ya cika sharaɗi uku. Rana yake kewayawa, ba wata duniyar ba. Nauyinsa ya isa ya dunƙule shi ya zama mulmulalle. Sannan ya zama shi ke da iko da hanyarsa, duk wani tarkace da ke kanta ya haɗiye shi, ko ya kore shi, ko ya ja shi ya zama mabiyinsa. Takwas suka cika ukun. Fuluto ta cika biyu, na ukun ya gagare ta, don hanyarta cike take da 'yan'uwanta. Irin waɗannan aka ba su aji nasu, aka kira su wadannin duniyoyi, wato gajeru a cikin dangi.

Da na kai nan na rufe littafin. Tambayar Malam ce aka amsa, bayan shekaru da rasuwarsa. Shi yana da ƙa'ida, abin da ke tafiya a idon mai kallo, kuma bakwai ɗinsa daidai ne a kanta. Ku kuna da ƙa'ida, takwas ɗinku daidai ne a kanta. A mu ukun ni kaɗai ne mai lamba ba ƙa'ida, kuma ni na fi kowa ɗaga murya. Na ga a littafin cewa har yau akwai masanan da ba su gamsu da sharaɗi na ukun ba. In kin je kin ga kina tare da su, ki faɗa kanki tsaye, amma da hujja a hannu da ladabi a baki.

Labarin Siris ya fi burge ni, wadda take tsakanin Mirrihu da Mushtari. Da aka gano ta an ƙirga ta cikin duniyoyi. Da aka ga irinta sun yi yawa a wurin aka mai da ita cikin duwatsu. Da aka yi sabuwar ƙa'ida aka ɗago ta zuwa ajin wadanni. Sau biyu ana sauya mata matsayi, ita kuwa tana kan hanyarta, ba ta ƙara sauri ba ta rage. Na ga irin wannan a kaina. Da, in na shigo makaranta da tsani har tashi ake yi. Da injin buga hoto a leda ya zo gari, na koma tsohon nan mai fenti. Na yi fushi na shekara biyu, daga baya na lura layina bai karkace ba don an daina tashi. Ke a nan kullum ke ce ta ɗaya. A can za ki shiga cikin waɗanda su ma kowa na ɗaya ne a garinsu, wataƙila a sa ki a layin baya, wataƙila wani ya ji daga inda kika fito ya yanke miki aji tun ba ki buɗe baki ba. Kada ya hana ki barci. Yarinyar da aka yi wa dariya a gaban makaranta guda, aka bi ta da suna shekara biyu, ba ta taɓa cewa tara ba don a ƙyale ta, ba na jin akwai ɗakin karatun da zai razana ta.

Sai batun suna, wanda a nan ne na ga masananku sun fi ni haƙuri nesa ba kusa ba. Ashe in an hango sabon abu ba a raɗa masa suna nan take. Shekarar da aka gan shi ake rubutawa da wasu haruffa, a yi ta bibiyarsa, wani lokaci shekaru, har a tabbatar da hanyarsa, a tabbatar kuma ba wani tsohon sani ba ne ya sake ɓullowa ta wani gefe. Sannan a ba shi lamba ta dindindin. Sannan wanda ya gano shi ya kawo suna, shi ma ba shi ke yankewa ba, sai kwamiti ya duba ya amince. Da na bi wannan tsarin da ban raba Zara gida biyu ba. Mu ma ai haka muke yi, jariri sai ya kwana bakwai, uba ya raɗa wa liman, liman ya faɗa wa jama'a. Maigidana na Wusasa da ya ji wannan cewa zai yi dokarsa suka sata.

Na ga kuma sunayen ba na Turawa kaɗai ba ne yanzu. Makemake da Haumeya daga tsofaffin labaran mutanen tsibirai aka ɗauko su. Fuluto kanta yarinya 'yar shekara sha ɗaya ce ta kawo sunan, manya suka saurare ta. Da na karanta wannan wurin sai da na cire tabarau, don shekarunki ke nan ranar da kika kawo mini kwano. In Allah Ya sa wata rana kin gano naki, kada ki yi gaggawa, ki bar shi da lambarsa har ki tabbata. In lokacin suna ya yi, ƙa'ida kuma ta ba da dama, ki duba cikin harshenmu, ba mu rasa sunaye ba. Nawa dai kada ki sa, wanda ya ƙara wa Fuluto faɗi bai cancanci ko tsakuwa ba.

To ga abin da na yi. Makon jiya na je makarantarku na roƙi sabon hedimasta ya bar ni da bangon nan. Na kankare shi tas. Na zana rana da takwas ɗin da fenti, na auna girmansu gwargwadon abin da bango zai ɗauka, na rubuta a ƙasa cewa nisan da ke tsakaninsu ya fi haka. Ta biyun na rubuta mata Zara, a gefe na ƙara Gamzaki, gida ɗaya. Ƙananan biyar ɗin kuwa, Siris da Fuluto da Haumeya da Makemake da Eris, da alli kawai na fitar da su, ban sa musu fenti ba, ban rubuta suna ba. Suna jiran wanda zai duba.

Ranar Alhamis lokacin tara hedimasta zai fito da yara da malamai. Na je har Tukur-Tukur na gayyato tsohon hedimastanku, ya tsufa amma ya tuna ranar, ya ce ko a kan mashin zai zo. Ina so ki zo ki tsaya inda kika tsaya, ni in hau tsani. Inda kika ce goge in goge, inda kika ce matsar in matsar, a gaban kowa, kamar yadda na yi miki a gaban kowa. Ba na shakkar za ki zo. Jinin Malam ba ya ganin kuskure a bango ya wuce, kuma na tabbata akwai kuskure.

Ga ɗaya ma da ya tsaya mini. Littafinki ya ce wadan duniya sai ya zama mulmulalle, amma hoton Haumeya da na gani dogo ne kamar ƙwan zabo da aka ja. Ta yaya ta cika sharaɗin? Na karanta wurin sau biyar, akwai maganar saurin juyawa da ban gane ba. Na zana ta iri biyu da alli, ban san wanda zan bari ba. Ban sani ba, Uwata. Ki zo ki nuna mini, yanzu ina da sarari.

Gafakar Malam ita ce a ƙarƙashin wannan takarda. Taki ce, ba sai kin roƙa ta bakin kowa ba. Ki naɗe ta a leda, ki riƙe ta a jakar hannu, kada ki sa ta cikin kayan da ake jefawa. In kin warware jadawalin jan tawadar nan, ki kira ni ki karanta mini, ko kaɗan-kaɗan ne, in ji abin da ya so ya nuna mini.

Allah Ya yi miki albarka, Ya tsare gabanki da bayanki, Ya haɗa ki da malamai masu jin tambaya da abokan zama na gari. Allah Ya sa ƙasar da za ki ta karɓe ki, Ya kare ki daga sharrin hanya da na mutum, Ya ba ki ilmi mai amfani, Ya dawo da ke ki same mu da rai da lafiya. Allah Ya jiƙan Malam, Ya kai masa ladan abin da za ki karanta a kundinsa. Amin.

Sai Alhamis. Alli da tsumma suna aljihuna.

Ni ne mahaifinki,
Sani Mai Fenti, Kwarbai, Birnin Zariya.